Aljihun Talaka da Duhun Ƙauye Ne Suka Kayar da Motar Lantarki

Ina yaro, kawuna yana da injin niƙa a bakin kasuwar garinmu, irin tsohon injin gas ɗin nan mai baƙin jiki wanda ba a tayar da shi da makulli. Akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da ake ratayewa a jikin bango. Da safe yaron inji zai ɗauko shi, ya zura a hancin injin, ya kafa ƙafafu, ya riƙa wanawa da dukkan ƙarfinsa har jijiyoyin wuyansa su tashi, sannan injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Wata safiya a lokacin hunturu injin ya yi gardama, ya juyo da baya, ƙarfen ya daki yaron a wuyan hannu. Har yau ina jin ƙarar da ya yi. Kawu da kansa ya goya shi a keke zuwa gidan mai ɗori, ya kuma yi wata biyu hannu a saƙale da ƙyalle.

Irin wannan ƙarfe shi ne makullin motar fetur a Turai da Amurka kafin shekarar 1912. Duk mai irin wannan mota, attajiri ne ko likita, sai ya durƙusa a gabanta ya wana, ko ruwa ake yi ko ƙanƙara, kuma karyewar hannu ta zama ruwan dare a asibitocinsu. A daidai wannan zamanin akwai wata motar da ba ta buƙatar wani, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, ba a canza mata giya. Mutum ya shiga ya zauna, ya tura wani ɗan hannu, ta tafi sumul. Motar lantarki ke nan. Cikin shekara ashirin da 'yan kai ta ɓace daga titi, mai karya hannun kuwa ta cinye duniya.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, hirar motar lantarki ta shigo majalisunmu, kuma maganganu biyu nake yawan ji. Wasu na ɗauka sabon abu ce da Elon Musk ya ƙirƙiro jiya. Waɗanda suka ɗan yi karatu kuma sai su ce tsohuwa ce, amma kamfanonin mai ne suka haɗa baki suka binne ta. Magana ta farko kuskure ce tsagwaronta. Ta biyu ta fi daɗin ji, shi ya sa ta fi damuna, domin tana hana mu ganin ainihin ramin da motar ta faɗa, ramin da kuma yake nan a buɗe a gabanmu.

Tun a shekarun 1830 wani mutumin Sikotlan, Robert Anderson, ya ɗora injin lantarki a kan keken doki, sai dai batirinsa idan ya ƙare ya ƙare ke nan. Abin da ya buɗe hanya shi ne batirin darma mai karɓar caji, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, wani Bafaranshen kuma, Camille Faure, ya inganta shi a 1881. Shi ne kakan batirin da ke cikin kowace mota a garejin unguwarku. Daga nan abu ya kankama. A 1897 tasi masu lantarki suka fara ɗaukar fasinja a Landan da New York. Ranar 29 ga Afrilu, 1899, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya hau wata mota mai siffar harsashi a kusa da Paris, ya zama mutum na farko da ya wuce kilomita 100 a awa ɗaya a mota. Ba ɗigon fetur a cikinta. Ferdinand Porsche, wanda sunansa ke kan motocin tsere a yau, motar da ta fara fito da shi a baje kolin Paris na 1900 mai lantarki ce, injinanta a cikin ƙafafun gaba. Ko da aka harbi shugaban Amurka William McKinley a Buffalo a 1901, motar asibiti mai lantarki ce ta ɗauke shi.

Ƙidayar 1900 ta nuna cewa a cikin motoci 4,192 da aka ƙera a Amurka, 1,681 masu tururi ne, 1,575 masu lantarki, masu fetur kuwa 936 kacal. Mai fetur ita ce kurar baya. Mai tururi tana da ƙarfi, amma a safiyar sanyi sai mutum ya jira kusan minti arba'in kafin tukunyarta ta yi zafi, ga yawan shan ruwa. Mai fetur ga wari, ga jijjiga, ga ƙara mai firgita dawaki. Da a ce an tambayi mai hankali a wannan shekara wacce za ta yi nasara, da wuya ya nuna ta.

Inda na fi tsayawa a wannan tarihi shi ne labarin tasin New York, don a nan ne aka fara yi wa motar lantarki illa, kuma ba ɗan kamfanin mai ne ya yi mata ba. Mutum biyu daga Filadelfiya, injiniya Henry Morris da masanin sinadarai Pedro Salom, su suka fara harkar da motoci goma sha 'yan kai. Tunaninsu mai kyau ne ƙwarai. Sun fahimci cewa mota mai batir ba ta son a sayar wa mutum ya kai gida ya rasa yadda zai kula da ita, gara a riƙe ta a wuri ɗaya, ƙwararru su riƙa duba ta, jama'a su biya kuɗin hawa. Aka mayar da wani babban zaure a titin Broadway tashar caji. Tasi za ta shigo da baya, na'ura ta zaro akwatin batirin da nauyinsa ya haura rabin tan, ta cusa wani cikakke, cikin 'yan mintuna direba ya koma bakin aiki. Wannan fa a ƙarshen ƙarni na 19 ne.

Sai manyan 'yan kuɗi suka ƙyalla ido, a ƙarƙashin William Whitney, suka saye kamfanin a 1899, mai suna Electric Vehicle Company. Burinsu su mamaye harkar sufuri a dukkan manyan biranen Amurka a tashi ɗaya. Suka yi odar motoci da yawa, suka buɗe rassa a Boston da Chicago da wasu birane, suka yi ta sayar da hannun jari. Abin da ba su yi ba shi ne horar da direbobi da masu kula da batir daidai da yawan motocin. Batura suka riƙa mutuwa, motoci suka riƙa kwana a gareji, jaridu suka fara kiran kamfanin da sunan 'yan damfara. Zuwa 1901 rassan Boston da Chicago sun rufe. Maimakon su gyara sana'arsu, sai suka karkata ga wata takardar mallakar fasaha da suka saya daga wani lauya, George Selden, suna bin masu ƙera motar fetur suna karɓar la'ada. Henry Ford ya ƙi biya, aka yi ta shari'a har ya yi nasara a 1911. Kafin nan ma kamfanin ya riga ya durƙushe a 1907. Faɗuwarsa ta shafa wa motar lantarki kashin kaji, masu zuba jari suka ja da baya. Haɗama da gaggawa suka ɓata abin da ya fara da tsari, kuma wannan ba baƙon labari ba ne a wurin duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ƙaddamar da motocin sufurin gwamnati da kiɗa da algaita, bayan shekara biyu a tarar da su jere a kan duwatsu ba taya.

Kuskure na biyu ma daga masu ƙera motar ya fito. Da harkar tasi ta mutu, kamfanoni irin su Baker da Detroit Electric suka yanke shawarar cewa kasuwarsu ita ce matan attajirai. Suka riƙa ƙera mota kamar ɗakin amarya, kujeru masu laushi, labule, har da ɗan kofin saka furanni. Matar shugaban ƙasa William Taft tana tuƙa Baker. Matar Henry Ford da kanta, Clara, Detroit Electric take hawa, ba motar mijinta ba. Ana sayar da ita sama da dala 2,000, tana gudun kusan kilomita 32 a awa, kamfanin kuma yana alƙawarin kusan kilomita 130 a caji ɗaya. A cikin gari wannan ya wadatar har ya yi saura. To amma sunan "motar mata" ya manne mata, a zamanin da kuɗi da shawarar saye suke hannun maza, su kuma abin da suke so shi ne su fita bayan gari su tayar da ƙura.

Shi kuwa Ford wani wajen ya duba. A watan Oktoba na 1908 ya fito da Model T a kan dala 850. Mota ce mai tsayin ƙafa da za ta iya ratsa taɓo da kwazazzabo, mai sauƙin gyara, wadda maƙerin ƙauye zai iya kwancewa ya ɗaura. A 1913 ya kafa layin haɗa mota mai tafiya da kansa a masana'antarsa ta Highland Park, farashi ya yi ta sauka har ya kai dala 260 a 1925. Kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi guda miliyan 15. Detroit Electric kuwa, a duk rayuwarta daga 1907 zuwa 1939, abin da ta ƙera bai wuce kusan 13,000 ba. A ra'ayina wannan lissafi kaɗai ya isa bayani. Ɗaya ya tafi wurin manomi da malamin makaranta, ɗaya ya tsaya a ƙofar masu hannu da shuni.

Ga kuma mai ya zo kamar da bakin ƙwarya. Ranar 10 ga Janairu, 1901, rijiyar Spindletop a Texas ta fashe, tana feso kusan ganga 100,000 a kullum har kwana tara kafin a shawo kanta. Farashin ganga ya faɗi har ya kai senti 3 a wani lokaci. A da fetur kusan shara ne a wurin masu tace kananzir, yanzu ya samu mai saye. Kuma fetur yana da wani hali da batir ba shi da shi: ana zuba shi a gwangwani a kai shi ko'ina a kan keken doki, mai kanti a ƙauye ya ajiye a bayan shago. Mu da muka san 'yan bumburutu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Wutar lantarki kuwa sai an kafa turaku an ja waya. Har zuwa 1935, a cikin gidajen manoman Amurka goma, kusan ɗaya ne kawai yake da wuta. Kamfanonin lantarki sun ƙi kai waya ƙauye don ba riba, sai da gwamnatin Roosevelt ta kafa hukuma ta musamman a wannan shekarar. Kafin wuta ta isa ƙauye, motar fetur ta shekara ashirin da wani abu a can, ta yi 'ya'ya da jikoki. Manomin da ke kwana da fitilar kananzir, ina zai sa mota caji?

Dole kuma a faɗi gaskiya game da batirin kansa. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin darma sau ɗaruruwa. Ko da injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawansa a zafi da hayaƙi, abin da ya rage ya isa ya ba shi rata mai nisa. Thomas Edison ya kwashe shekaru yana fama da batirin nikel da ƙarfe, a 1914 ma shi da Ford sun yi shelar za su fito da motar lantarki mai araha, abin ya tashi a banza. Hanyoyi kuma suka fara haɗe birane, mutane suka soma sha'awar doguwar tafiya, kilomita 130 ta koma kaɗan.

Sannan aka zo aka cire wa motar fetur babban aibinta, da taimakon lantarkin kansa. Charles Kettering ya ƙera sitata, Cadillac ta fara sa ta a motocinta na 1912. Ɗan ƙaramin injin lantarki da ɗan batir suka maye gurbin ƙarfen nan mai karya hannu. Daga ranar, matar da ta guji motar fetur don ba za ta iya wanawa ba, ta samu dalilin komawa. A wannan shekara ana sayen motar fetur a kan dala 650, mai lantarki kuwa 1,750. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 an daina zancenta.

Ba ina wanke kamfanonin mai da na motoci ba ne. Sun yi abin da ya fi wannan muni. A 1923 suka fara zuba sinadarin darma a fetur alhali an san guba ce, a 1924 ma'aikata biyar suka haukace suka mutu a wata matata a New Jersey, amma aka ci gaba da sayarwa, duniya ta shaƙi wannan guba har 2021 da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina. Kuma a zamaninmu General Motors ta ƙera motar lantarki EV1 daga 1996, guda dubu da ɗari da 'yan kai, ta ba da haya, daga baya ta karɓe su ta murƙushe mafi yawansu, masu hawa suna roƙo a bar musu. Duk wannan ya faru. Amma a 1910 ba su buƙaci wata maƙarƙashiya ba. Mai saye ya duba aljihunsa, ya duba hanyar garinsu, ya duba ko akwai wuta a gidansa, ya zaɓa. Idan muka ce makirci ne kawai, to mun ɗauka ke nan da zarar an kawo motocin komai zai tafi daidai, kuma ba haka ba ne.

Abin lura shi ne wuraren da motar lantarki ba ta taɓa mutuwa ba. A Ingila, ƙananan motocin raba madara masu batir sun yi shekaru masu yawa suna zagaya unguwanni da asuba, ba sa tashin kowa daga barci. A cikin masana'antu da ɗakunan ajiya, na'urorin ɗaga kaya masu batir suna aiki har gobe. A birnin Hartford na Amurka, daga 1910 zuwa 1924, kamfanin wutar garin ya riƙa ba 'yan kasuwa hayar batir: ka sayi motar kaya ba batir, ka riƙa zuwa ana canza maka, ka biya gwargwadon tafiyar da ka yi. Duk inda tafiya gajera ce, hanya sananniya, abin hawa kuma yana komawa masauki ɗaya kullum, lantarki ya riƙe wurinsa.

Wannan siffa kuwa, idan ka dube ta da kyau, siffar a-daidaita-sahu ce. Siffar ɗan acaɓa ce, da bas ɗin da ke jigila tsakanin kasuwa da unguwa. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana auna ci gabanmu a wannan fanni da hoton wani babba a cikin sabuwar jif mai lantarki. Wannan hanyar Detroit Electric ce, mun kuma ga inda ta ƙare. Arewa ba baƙuwa ba ce a harkar. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, yana cikin waɗanda suka zana motar Chevrolet Volt mai tafiya da batir a Amurka, kuma a lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin fetur daga ƙananan bas yana sa musu batir, yana ɗaukar fasinja a farashi mai sauƙi. A Ruwanda da Kenya da Benin da Togo, 'yan acaɓa suna shiga rumfa su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke, dabarar nan dai ta titin Broadway da Hartford.

Sai dai duhun da ya kayar da motar a ƙauyukan Amurka shi ne muke ciki. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe sama da mako guda ba wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Duk wanda abincinsa ya dogara da caji daga wannan waya, da ya yi zaman dirshan. Bambancinmu da mutanen 1912 abu biyu ne, kuma manya ne. Batirin litiyam, wanda Sony ta fara sayarwa a 1991, ya fi na darma ɗaukar wuta nesa ba kusa ba, farashinsa kuma ya sauko sosai. Sannan faifan sola ya sa ba lallai a jira turaku su iso ba. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita. Amma zafin da ke ba mu wutar shi ne kuma ke rage wa batir kwana, kuma batir shi ne mafi tsada a jikin abin hawan.

Kwanakin baya na hau a-daidaita-sahu, muna cikin cunkoso na tambayi direban, dattijo mai furfura a gemu, ko zai karɓi mai lantarki idan aka ba shi. Ya ɗan yi shiru, ya gyara madubi, ya ce, "Malam, wallahi ina so, mai ya cinye mu. Amma wannan da kake gani, ko a ina ta tsaya min, kafin in tura ta taku ɗari zan samu bakanike. Waccan idan ta mutu min da fasinja a ciki, wa zan kira? Kuma idan batirin ya tashi aiki, ni zan saya ko mai keken?" Na ce masa, "Baba, gaskiyarka." Bai san sunan Whitney ba, amma tambayoyinsa biyu su ne waɗanda kamfanin Whitney ya kasa amsawa.

Don haka idan gwamnoninmu da 'yan kasuwarmu da gaske suke, ni a ganina kuɗin da za a sayi jif goma na manya gara a kafa rumfunan sola na canjin batir a tashoshin da 'yan keke ke taruwa, batirin ya zama mallakin rumfar, direba ya biya kuɗin wutar da ya sha kawai. A fara da hanya ɗaya ko biyu a gari ɗaya, a ga yadda batura za su jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu, kafin a yi odar dubbai. A ɗebo yaran gareji daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, waɗanda suka riga suka iya wayarin mota da gyaran inbata, a koya musu aikin tun kafin kekunan su sauka daga tirela. A kuma tanadi inda za a kai matattun batura, kada su ƙare a bola yara suna fasawa da dutse suna neman abin sayar wa 'yan gwangwan.